Burtun Uwargida

Shekarar da ruwa ya dawo bayan babban fari, ina zaune a gidan ƙanena, a wani ƙauye tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari. Mijina ya rasu, ni kuwa ba mai iya zaman jiran a ba ni ba ce, don haka duk Alhamis nakan bi ayarin jakuna zuwa kasuwar Maigatari in yi awon hatsi. Hatsin na wasu ne, ni ladan hannu kawai nake samu da ɗan abin da ya zube a tabarma. A wannan shekarar ko abin da ya zube ma sai an yi rigima a kansa.

Ƙanena manomi ne kuma maharbi, kamar mahaifinmu. Shi ne autanmu, ni na goye shi, kuma har ya yi furfura ban daina ganin wautarsa ba. Mutum ne mai sanyin hali, in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Shanunsa sun mutu a farin, rumbunsa ya koma ɗakin kaji, ga mata da yara ƙanana, ga ni. Abin da ya riƙe gidan shi ne abin da yake samowa a dawa: zabon daji, fakara, wani lokaci gada in an yi sa'a. Mu ci kaɗan, in kai sauran kasuwa in musanyo gero. Duk wannan kuwa da burtu yake samunsa.

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. Burtu wani babban tsuntsu ne baƙi mai dogon baki da ke yawo a ƙasa yana tsince-tsince, kuma namun dawa ba sa gudunsa. Maharbi yakan sami ƙoƙon kansa da bakin, ya dasa a kan lanƙwasasshen itace, ya naɗe da fata, ya ɗaura a goshi. Sai ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana gyaɗa kai, har ya isa inda kibiya za ta kai. Namu na kakanmu ne. An manna masa 'ya'yan idon zakara jajaye a wuya, igiyarsa ta yi baƙi ƙirin da gumin goshi. A gidanmu ba a kashe burtu don a yi wani, sai dai in an tsinci mushensa, kuma tun da aka shiga fari ba wanda ya sake ganin ko da mai rai a yankinmu.

Ana cikin noman farko, gero bai wuce idon sawu ba, ciyawa na neman fin shi tsawo, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Mai gari ne ya turo su. Wata Baturiya ce tsohuwa, doguwa, ƙafafu kamar na zalɓe, da malfa a ka, da wani madubi mai ido biyu na hangen nesa rataye a wuya. Direbanta mutumin Gumel ne, tsohon soja, kowa Saje yake ce masa, shi ne kuma tafintanta. Uwargida yake kiran ta, mu ma muka bi.

Ina bayan danga ina sheƙar dusa, ina jin komai. Saje ya ce daga hayin teku ta zo don kallon tsuntsaye. Ba kamawa za ta yi ba, ba ci ba, ba kuma magani za ta haɗa ba, kallo kawai. Ta ga na ruwa da na gari da yawa, abin da ya rage mata tuje ne, babban tsuntsun nan na fili mai wayon tsiya, an kuma ce mata in akwai wanda zai kai ta kusa da shi, to maharbin gidan nan ne. Na ce a raina wannan ƙoshi ne ya yi mata yawa.

"Uwargida na tambaya," in ji Saje, "nawa za a riƙa ba ka a yini?"

"Haba, ba komai," in ji ƙanena. "Baƙuwa ce. Nuna hanya ai ba a sayar da shi. Duk abin da Allah ya huwace."

Na ajiye faifai, na ɗebi ruwa a ƙwarya, na gyara mayafi na fita. Na ajiye musu ruwan, maimakon in koma sai na nemi gefen tabarma na zauna.

"Sannunku da zuwa. Saje, gaya mata ni ce yayarsa, da ni za a yi maganar."

"Yaya, don Allah," in ji ƙanena, kansa a ƙasa.

"Kai dai yi shiru, auta. Ciyawar gonarka ma don Allah za ta tuge kanta?"

Saje ya dube ni ya dubi ƙanena, ya ga ba mafita, ya juya maganar. Na zaci tsohuwar za ta ɓata rai. Sai na ga ta cire malfa, ta gyara zama irin na wanda ya iso wurin da ya sani. Ta ce ta zaga ƙasashe da yawa, ko'ina sai ta ɗauki ɗan gari ya yi mata ja-gora, ta biya wasu da kuɗi, wasu da takalmi, wani ma da maganin ido, kuma ta fi son a yanke magana tun farko kowa ya huta. Ta faɗi abin da ta saba bayarwa a yini.

Na ce albarka. Kuɗin ba laifi, amma a shekarar nan kuɗi ba abin riƙo ba ne, tiyar da ka saya da safe kafin azahar ta ƙara tsada, ni da nake awo na fi kowa sani. Na ce gero nake so, buhu guda, geron gaske ba jar dawar agaji ba. Na ce kuma kowace ranar da ta fitar da shi daga gona, sai ta biya ɗan ƙwadagon da zai riƙe masa hauya.

Ashe ita ma ba kanwar lasa ba ce. Ta ce ta yarda da ƙwadago, amma gero rabi yanzu, rabi sai in ta ga tuje da idonta.

"Tuje akuyarmu ce da muka ɗaure a turke?" na ce. "Ƙafarsa da idonsa take haya, ba tsuntsu muke sayar mata ba. A gani ko kada a gani, buhu ya cika."

Da Saje ya juya mata sai ta yi dariya har tana buga gwiwa. Ta ce to ta ji, amma ita ma da nata: in tafiya ta kama a ƙetara iyakar arewa zuwa ƙasar da mu muke ce wa Faransa, ba ƙarin komai, kuma ba za a fita da baka da kwari ba. Wannan na ƙarshen ya fi yi wa ƙanena nauyi, don bai taɓa shiga dawa hannu wofi ba. Ni dai na ce an sallama. Ranar Alhamis da kaina na auna rabin farko, na zura hannu har ƙasan buhu don kada a yi mini cushen tsakuwa. Na dawo gida ina jin kaina, don na tabbata ba ƙofar da na bari a buɗe.

Suka yi ta fita da sassafe suna dawowa da la'asar. Sun ga shamuwa, sun ga cilakowa, sun ga tsuntsayen da ni da aka haifa a nan ban taɓa ɗaga kai na duba ba, amma ba tuje. Ƙanena ya ce fari ya kora su arewa, can wani fili bayan iyaka inda mutane suka tashi suka bar gonaki. Da na ji za a bi ta ƙauyen goggonmu sai na ce da ni za a je, na dama fura na cika gora na shige bayan mota. Iyakar a lokacin sanda ce a gicciye da jandarmomi a gindin bishiya. Suka duba takardunta, suka karɓi madubin suna miƙa wa juna, wannan ya hango mai daka a can nesa, wancan ya hango raƙumi, suna ta murna. Da suka gaji suka ce wa madam Allah ya kiyaye hanya.

Ban sauka wurin goggo ba sai a dawowa, don ina son in ga abin da ake ba da buhun gero a kansa. Filin sabara ne da kalgo, sabuwar ciyawa ta fara kore. Ƙanena ya sa aka tsayar da mota, ya nuna da haɓa. Ni ban ga komai ba. Uwargida ta sa madubi, ta daɗe, ta ce wuyan tuje kawai take gani a bayan ciyayi, tana son ta gan shi duka. In aka matsa da mota ko a tsaye, tashi zai yi.

Sai ƙanena ya kwance jakarsa ya fito da burtu. Ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zanensa. Ya ce in tana iyawa ta biyo shi a baya da rarrafe, kada ta ɗaga kai sai ya tsaya. Na kwance baƙin mayafina na yafa mata, na ɗaura ɗankwali. Ta miƙo mini wani ƙaramin madubin ta ce in kalla daga mota, Saje ya nuna mini yadda ake murzawa.

Da idona ya daidaita a cikin abin nan, sai na nemi ƙanena na rasa. Burtu ne kawai yake tafiya a fili, ya yi taku ya tsaya, ya sunkuya kamar ya tsinci fara, ya karkata kai ya dubi sama. Haka babanmu yake yi mana a tsakar gida muna yara, mu yi ta ihu muna ɓuya bayan turmi. Hawaye ya zo mini, na share da sauri don kada Saje ya gani. A bayan burtun ga wani baƙin ƙunshi yana jan jiki, tsohuwa ce da ta isa ta haife ni tana rarrafe a kan ƙarangiya. Can sai tujen ya fito fili sosai, ƙato, yana taku ɗaiɗai, ya kumbura wuya fari fat. Ya dubi burtun bai kula ba, ya ci gaba da kiwonsa.

Da suka dawo gwiwoyinta duk jini, tana dariya tana kuka. Na zauna na ciccire mata ƙarangiya daga siket, na zuba mata fura. Tun daga ranar na daina cewa ƙoshi ne, don mai ƙoshi ba ya yi wa kansa haka.

Ranar sallama ta cika alkawari, Saje ya sauke rabin buhun da ya rage, na kwance na duba. Ta ci tuwonmu a tsakar gida, da hannu. Ni kuma na ga bai dace ta tafi haka ba, sai na zaga maƙwabta neman ƙwan zabi in yi mata guzuri. Na ɗan daɗe, don mai zabin sai da ta gama ba ni labarin ciwon bayanta. Ko da na dawo an ta da mota, na miƙa ƙwan ta taga, muka yi ban kwana, suka tafi Gumel.

Washegari na ga ƙanena ya rataya kwari ya ɗauki baka zai fita, jakarsa a lanƙwashe ba komai a ciki. Na leƙa ɗakinsa, ƙusar da ake rataye burtu tana nan ita kaɗai. Matarsa ce ta gaya mini, tana magana tana kallon ƙasa. Bayan fitata uwargida ta roƙi a nuna mata burtun ta gan shi da kyau. Ta karɓa, ta shafa bakin, ta shafa idon zakaran, ta ce duk yawonta ba ta taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Ta yaba, ta sake yabawa, hannunta na kai.

A gidanmu, da ma duk gidan da ya san kansa a yankin, baƙon da ya ci tuwonka in ya ɗora hannu a kan abinka ya yaba, abin ya zama nasa. Shi ya sa baƙo mai hankali ba ya yabon kayan mutane, sai dai ya ce tubarkalla ya kau da kai. Ita ina za ta san wannan? Ta ma yi ƙoƙarin ƙi, Saje ya ce mata ƙin karɓa zagi ne, ta karɓa.

Na tare shi a zaure. "Auta, ina burtun kaka?"

"Ta yaba, Yaya."

"Da ta yabi matarka fa?"

Bai yi dariya ba. "Ta ci abincina, ta ɗora hannu. Da Baba ne ma haka zai yi."

"Baba da rumbu cike ya yi nasa. Buhun nan ba zai kai mu kaka ba, ka sani, na sani. Da me za ka kusanci zabo, da wannan goshin naka mai ƙyalli?"

"Allah ba zai hana mu ba." Ya ɗaga kai ya dube ni, abin da ba ya yi. "Na san abin da kike shirin yi. In kika je kika roƙo, kin tuɓe ni a kasuwa. Abin da na bayar ba ya dawowa gidan nan, ko kin kawo ba zan taɓa shi ba."

"Wa ya ce roƙo zan je? Ziyara zan kai."

Ya fita, ya dawo da yamma ba ko fakara. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushinsa, na ji haushin mai ƙwan zabi, na ji haushin ita kanta al'adar. Na yi ciniki kamar zan fasa ƙwarya a kan kowace tiya, ashe abin da ya fi buhu goma zai fita ta ƙofa a naɗe a tsumma, kyauta. Amma ban zauna kuka ba, don dabara ta riga ta zo mini. In yabo ne ya fitar da shi, ai ni ma ina da baki da hannu.

Gari na wayewa na kama hanyar Sule Tankarkar a ƙasa, na sami motar fatu mai zuwa Gumel na ɗare kan kaya. A gidan saukar baƙi mai gadi ya ce sun tashi tun da safe, za su tsaya Gagarawa ta kalli tsuntsayen fadama, daga nan sai Kano, daga Kano sai ƙasarsu. Ƙafata ta kumbura, ban ci komai ba sai ɗan ƙuli-ƙuli, amma na koma tasha na tsaya har aka sami gingimari mai bi ta can. Yaron motar ya ce ba wuri, na ce ni ma ba wuri nake nema ba, Gagarawa nake nema, na hau.

Da la'asar na same su a gindin wata tsamiya kusa da tashar jirgin ƙasa, Saje na dafa shayi a risho. Uwargida ta miƙe da murna ta riƙe hannuna biyu. Saje kuwa yana ganina fuskarsa ta canza.

"Iya, lafiya?"

"Lafiya lau. Hanya ce ta biyo da ni, na ce in gaishe da uwargida."

Aka ba ni shayi da biskit. Na ci, na tabbatar ta ga na ci, na ma ƙara. Sannan na ce ina son in yi wa burtun kallon ƙarshe. Ta buɗe akwati ta fito da shi a naɗe cikin tawul fari, abin da bai taɓa samu ba a gidanmu. Na karɓa, na ɗora hannu a kansa sosai yadda kowa zai gani.

"Saje, gaya mata wannan abu yana da kyau."

Ya gaya mata. Ta gyaɗa kai da ƙarfi, ta ce ƙwarai kuwa.

"Gaya mata ban taɓa ganin abin da ya shiga raina irinsa ba."

Ta ce ita ma haka. Ta ƙara da cewa za ta rataye shi a bangon ɗakinta inda jikokinta za su riƙa gani. Na shafa bakin, na shafa wuyan, na yabi igiya, na yabi ɗinkin fatar, har na yabi wanda ya jeme ta. Duk abin da na faɗa sai ta ɗora nata a kai, fuskarta na haske, tana jin daɗin ta sami wadda ta san darajar kayanta. Muka zauna muna ta yabon abu ɗaya, ni da ita, Saje a tsakiya yana gumi.

"Iya," ya ce a hankali, "ko kwana za ki yi kina yabo, ba ta san wannan ba. Su a wurinsu in an yabi abinka godiya kake yi."

"To ka fahimtar da ita."

"Ni? Ni na ce mata ƙin karɓa zagi ne. Bakina ba zai iya ba."

"To juya abin da zan faɗa, kada ka rage, kada ka sa masa zuma."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Mace da girmanta ta biyo kyauta gari uku. Amma na tuna yaran gidan da yadda suke lashe ƙwarya, sai na faɗa. Na ce wannan ba abin ado ba ne, shi ne hauyarsa ta dawa. Na ce ba shi da wani, ba kuma zai sami wani ba. Na ce bai ba ta don ya ishe shi ba, ya ba ta ne don ta yaba da hannunta a kai, kuma a wurinmu ba shi da yadda zai yi. Na ce in burtun nan ya ƙetare teku, ban san da me za mu kai kaka ba.

Fuskarta ta yi ja har kunne. Ta ce wani abu a hankali, Saje ya ce tana cewa ita ta ɗauka ta biya komai. Na ce ta biya duk abin da na tambaya, ba ta rage ƙwaya ba. Sai ta turo mini burtun da hannu biyu.

Na tura mata abinta. Na ce in na koma da shi haka, ko kallonsa ba zai yi ba, na san ƙanena. Na tambaye ta ko a ƙasarsu ana ba da kiwo. Na ce a nan mai saniya yakan ba wani ya riƙe masa, saniya ta mai ita ce, nono na mai kiwo ne, ba wanda ya yi wa wani kyauta, ba wanda ya ƙwace. Burtu nata ne, ya bayar, ya bayu. Amma abu ne da in aka rataye shi gara za ta ci, igiya ta bushe, sai ana ɗaurawa yake rayuwa. Ta bar shi ajiya a hannun wanda ya iya riƙonsa, ya yi ta aiki da shi har ta dawo.

Ta dube ni ta daɗe. Ta tambaya ko wannan gaskiya ce ko dabara ce. Na ce in ta faɗa da bakinta da niyya, ya zama gaskiya. Sai ta ɗauki burtun ta miƙa wa Saje, ta yi magana a tsaye kamar mai ba da umarni a bariki. Ta ce nata ne, ta ba maharbin ajiya, shi ta yarda da shi, ya riƙe mata sai ta dawo.

Na kwana a gidan wata mai tuwo, da safe Saje ya mai da ni a mota, uwargida ta zauna wurin tsuntsayenta. A ƙofar gida ya sa aka kira ƙanena da maƙwabta biyu don shaida, ya isar da saƙo yadda aka ba shi, bai rage ba. Ƙanena bai dubi Saje ba, ni ya duba, ya daɗe yana dubana. Ya san komai. Sannan ya goge hannunsa a riga ya karɓa da hannu biyu.

"Amana ce, na karɓa. A gaya wa uwargida za ta same shi yadda ta bar shi."

Ya yi kwanaki ba ya yi mini magana sai gaisuwa, ban damu ba. Kashegarin da ya karɓa ya fita, ya dawo da zabi a rataye. Muka ci, na kai saura Maigatari. Da wannan da buhun muka lallaɓa har gero ya nuna, ba yaron da ya kwanta a gidanmu don yunwa. Ko yau aka mai da ni wannan ranar, motar fatun nan zan sake hawa.

Sai dai tun daga lokacin bai sake cewa burtuna ko burtun kaka ba, burtun uwargida yake cewa. Duk damina in ya ji ƙarar mota sai ya fito zaure. Babban ɗansa ya taso da hannun harbi fiye da nasa, ya koya masa baka, ya koya masa sawu, amma bai taɓa barinsa ya ɗaura shi a goshi ba, ko a tsakar gida. In na yi magana sai ya ce shi aka ba ajiya, ba a ce da ɗansa ba. Yaron ya gaji ya bi motocin Kano, can ya zama direba.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya sa aka kira liman, aka kira ni. Ya ce a shaida, abin da ke rataye a ƙusar nan ba ya cikin gado, yana da mai shi. Ya sa aka sauko da shi aka ɗora mini a cinya.

"Yaya, ke kika karɓo, ke za ki mayar."

"Auta, matar nan tun a lokacin ta tsufa. Ina zan gan ta?"

Ya yi ɗan murmushi, idonsa a rufe. "Ke da kika same ta a Gagarawa."

Na naɗe shi a mayafina na kai ɗakina.